Buhun Shinkafa Biyu a Titin Wendover

A tsawon rayuwata ban taɓa ganin bawan Allah da ya haɗa ilimi da taƙawa da zuhudu kamar Malaminmu ba, Shehin da ba ya ɗaga murya, Allah Ya ƙara masa daraja. Gaskiya dai ban ga mutane da yawa ba, don daga ɗakin gwajin jinin da nake aiki sai gida. An horar da ni kada in yarda da abu sai na auna shi sau uku, saboda haka duk lokacin da ɗalibai suka fara labarin karamominsa bayan darasin Asabar, nakan tuna ina da wanki.

Wata Asabar cikin Janairu, rana tar, ya tsayar da ni a ƙofa.

"Muhammad Awwal, ga buhun shinkafa biyu can na suna. Sa su a but ɗin motarka, kada ka sauke."

Na ce, "Allah gafarta Malam, likita ta ce saura mako uku matata Khairiyya ta haihu."

"Likita ta yi karatu," in ji shi. "Kada ka sauke."

Na loda su a tsohuwar Marsandina, na bar su, rabi don biyayya, rabi don ciwon baya.

Masu hasashen yanayi sun ce ruwa za a yi kawai. Lahadi da hantsi ruwan ya daskare, dusar ƙanƙara ta kwanta a kansa, a Greensboro, garin da dusar inci biyu kan isa a rufe makarantu a wawashe burodi da madara. Ana azahar naƙuda ta kama Khairiyya, mu kuma muna McLeansville, can bayan gari, inda maƙwabcinka na kusa fili ne. Na kira lambar gaggawa, suka ce suna tafe amma hanya ta lalace. Anti Afia, maƙwabciyarmu ta bayan filin, 'yar zangon Kumasi mai haihuwa biyar, ta dubi matata sau ɗaya.

"Awwal, wannan jaririn ba ya jiran kowa. Tada mota."

A titin Wendover motoci sun watse, wasu a rami, wasu suna kallon inda suka fito. Mun kai wani hawa, sai tayoyin baya suka shiga juyawa a wuri ɗaya, motar ta fara sulalewa gefe a hankali, kwalbati na matsowa. Na ja birki, ta ƙara taku ɗaya don kanta, sannan ta tsaya. Anti Afia ta ce faya ta fashe. Khairiyya ta daina ihu, abin da ya fi ihun tayar mini da hankali. Saura mil huɗu mu kai asibiti.

Da digirina biyu, abin da ya zo mini shi ne in kira Malam.

"Ka sauke shinkafar?"

"A'a, Malam."

"Madalla. Farke buhu ɗaya, ka zuba a gaban tayoyin baya, ɗayan ka bar shi ya danne motar. Ka yi bismillah. Ka taka mai kamar ƙwai ne a ƙarƙashin ƙafarka."

Na farke buhun da makullin gida, hannuwana ba sa jin komai, Anti Afia tana leƙowa ta taga: "Zuba mana, Dokta, ba tuwo za ka auna ba!" Na zuba. Na shiga. Na yi bismillah irin wadda ban taɓa yi ba. Tayoyin suka yi ƙara, suka ciji shinkafar, motar ta haura.

Minti goma sha tara bayan isarmu aka haifi Ilham, ita da uwarta lafiya.

Yanzu ɗalibai suna cewa ƙanƙarar narkewa ta riƙa yi a gabanmu. Ni ne a sitiyari, ban ga haka ba. Abin da na kasa aunawa shi ne yadda aka yi ya ba ni buhunan ana rana, saura mako uku, ya kuma ce biyu. Na tambaye shi, ya ce, "Allah ne Masani," ya ci gaba da jan carbinsa. Tun daga nan na rage wankin Asabar.

Allah Ya ja zamanin wannan waliyyi nasa, Ya haskaka zuriyarsa, Ya sa mu da Ilham cikin albarkarsa, amin. A wurin suna ne Hajiyarsa take gaya mini cewa kafin su dawo Greensboro, Malam ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙin tasi a Buffalo, garin da dusar ƙanƙara ke binne tituna duk hunturu.