Wayar da Doreen Ta Hana Kowa Taɓawa

Doreen Kowalchuk ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a arewacin Saskatchewan, a ƙasar Kanada. Aiki kam ta iya shi, ba mai musu. Aibinta ɗaya ne, rowar abin da ta sani.

A ɗakin aikinta ake cire tsakuwar da ta toshe hanyar matsarmama ba tare da an yanka ciki ba. Likita yakan zura tiyo mai kyamara ta bakin mara lafiya, nas kuma ta riƙe wata siririyar waya da ake lallaɓawa cikin hanyar. In likita ya ja tiyon, ita ta tura wayar, daidai wa daida. Hannu ya ɗan yi gaggawa ko ya yi nawa, waya ta zame, a koma farko. Abu ne da ba ya koyuwa a baki, sai hannu ya saba.

Aka turo mata Lucille Gauthier daga ɗakin haihuwa don ta koya. Kullum Lucille na roƙo.

"Sista, don Allah yau ki bar ni in riƙe, ko sau ɗaya."

"Ke! Wannan ba naɗe jariri ba ne. Je ki tsaya kan numfashin mara lafiya."

Dakta Fenwick, likitan da take aiki da shi, ya taɓa cewa, "Doreen, ranar da kika yi mura fa?"

"Ni ba na mura, likita."

Aka yi dariya, zance ya wuce. Gaskiyar magana, Doreen tana jin daɗin a ce abu ya gagara, a kira ta.

Da sanyi ya kankama, ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar coci, wuyan hannunta na dama ya karye, aka ɗaure shi. Mijinta Orest har tsokanarta yake: "Tsohuwa, girki ya dawo hannuna, shirya cin ƙonannen dankali."

Ba a jima ba idon Orest ya yi rawaya, zazzaɓi ya kayar da shi. A asibiti aka ce tsakuwa ce ta toshe masa hanyar matsarmama, kuma ciwon ya fara shiga jini. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar birni, jirgi ma ya kasa sauka. Dole a yi aikin a nan, kuma ba wanda zai riƙe waya sai Lucille.

Doreen ta tsaya bayan gilashi tana kallon allon kyamarar. Da ƙyar waya ta shiga. Likita ya fara ja.

"Tura, Lucille! A'a, a hankali! Wayyo, ba haka ba!"

"Yaya zan yi, Sista? Gaya mini!"

Doreen ta dubi hannunta. Yatsunta sun sani, suna motsi cikin ɗaurin, amma bakinta bai san yadda zai faɗa ba. Waya ta zame. Aka sake, ta sake zamewa. Bakin hanyar ya kumbura har likita ya daina ganinsa. Ya janye tiyon, ya ce sai dai a jira jirgi.

Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama Doreen. Ta zauna gefen gadon Orest tana riƙe da shi da hannun hagu, ba abin da za ta iya. Kafin sama ta washe, rai ya yi halinsa.

Lucille ta same ta a baranda, ido jawur.

"Sista, ki yafe mini. Wannan ne karo na farko da na riƙe wayar."

"Na sani," in ji Doreen. "Ni ce na hana ki."

Darasi: gwanintar da ke hannun mutum ɗaya ba ta tsare kowa, har shi mai hannun. In Allah ya hore maka iya wani aiki, ka koyar da na kusa da kai tun kana da lafiya, ka bar shi ya yi kuskurensa kana tsaye kana gyara masa. Ranar da hannunka zai kasa, ba ka san wanda zai kwanta a gadon ba.