Kwaɗon da Ramlatu Ke Nema

An yi wani sarki mai suna Zubairu, mutum mai kwarjini da tausayin talakawa, sai dai yana da ciwon da ya zama ruwan dare ga masu mulki, wato sanin abin da ya dace da mutum tun ba a tambayi mutumin ba. 'Yarsa ɗaya tal, Ramlatu, shekararta bakwai, uwarta kuwa Asabe 'yar wani mai lambu ce da sarki ya aura don ƙauna. Da Allah ya yi wa Asabe rasuwa, baƙin ciki ya sa sarki ya umarta a tattara duk abin da ke tuna masa da ita, har da 'yan tufafin da ta ɗinka wa yarinyar, a zuba a akwati a kulle. Daga ranar shi da kansa ke zaɓar abin da 'yarsa za ta sa, in ba alharini ba to shadda, abincinta kuwa daga farfesun zabi sai alkaki, don kada a ce marainiya ta rasa wani abu.

Yarinya ta daina cin abinci, sai ɗan kurɓin kunu, har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Duk wanda ya lallashe ta kalma ɗaya yake samu, ita ma da raɗa: "Kwaɗo." To, kwaɗo uku ne a harshenmu, akwai na rafi, akwai na kulle ƙofa, akwai na ci, kuma murya ce ke raba na ci da sauran, raɗa kuwa ba ta da hawa ba ta da sauka.

Sarki ya tara fada ya ce, "Ya ku ma'abota ilimi, ran 'yata yana rataye da kalma guda. Ina neman fassararta kafin kwana uku."

Sarkin Magani ya ce na rafi ne, aka kawo mata wani ƙato a ƙwarya, ta juya fuska bango. Alƙali ya ce na ƙofa ne, iska ke firgita ta, aka rataya uku a ƙofarta, ta wuni tana kuka. Na ci kuwa babu wanda ya ko ambata, don hankalin bafade ba zai ɗauka ba a ce 'yar sarki ta ture zabi tana marmarin abincin talaka.

Waziri Ɗalha, dattijo ne da ya yi renon 'ya'ya tara, ya kuma san gidan da Asabe ta fito. Tausayin yarinyar ya hana shi sukuni. A rana ta uku da hantsi ya shiga wurinta ɗauke da faifai, ga dafaffen zogale, ga tumatir da albasa, ga dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa da gishiri. Bai ce mata ci ba. Ya zauna a ƙasa ya juye zogalen a akushi da ruwansa tsamo-tsamo, ya ɗauki ƙuli zai barbaɗa.

"Kaka, ba haka Inna ke yi ba," in ji wata 'yar murya. "Sai an matse ruwan."

Murna ta kama dattijo, amma ya daure. "Gimbiya, hannun tsoho ne, alƙalami kawai ya sani. Ko za ki taimake ni?"

Ta miƙo hannu, sai ta dubi hannun rigarta mai aikin zinariya, ta janye. "Ba a yin kwaɗo da wannan. In mai ya taɓa ta, faɗa ake mini."

"Da wacce ake yi?"

"Da shuɗiyata. Tana cikin akwati, an sa kwaɗo."

Waziri ya san babu mai ambaton akwatin nan a gaban sarki ya kwana da rawaninsa, duk da haka ya tafi fada ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, mun yi ta tambayar juna, mun manta mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gimbiya kwaɗo biyu take nufi, ɗaya a haɗa, ɗaya a buɗe, kuma mabuɗin na biyun yana aljihun sarki. Sarki ya kulle abin da ke tuna masa da marigayiya don ya samu sauƙi, ita kuwa da wannan tunawar take rayuwa."

Fuskar sarki ta sauya. Amma sai ya tashi da kansa ya je ya buɗe akwatin a gaban 'yarsa. Ramlatu ta tona ta zaro wata shuɗiyar riga da ta koɗe, ta kuma yi mata kaɗan, ta haɗa da jan zane da ɗankwali ruwan ɗorawa, shigar da ko makaho ya san ba ta dace ba. Sarki ya buɗe baki zai gyara, waziri ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, jikinta ne."

Ta zauna ta matse zogale, waziri ya yanka mata tumatir da albasa, ta zuba ƙuli da mai da gishiri, ta cakuɗa da hannu har gwiwa. Ta ci loma uku, ta huɗu ta miƙa wa ubanta. "Baba, ɗanɗana. Kamar na Inna?"

Sarki ya karɓa ya ci, hawayen da ya hana kansa tun ranar jana'iza suka zubo masa har gemu. Ya ce, "Kamar nata, 'yata. Ƙara mini."

Sarki ya ba waziri alkyabba da lambu a bakin rafi, ya sa aka mayar da kwaɗon Sarkin Magani cikin danginsa, aka cire na Alƙali daga ƙofa, ya kuma umarta kowace safiya a buɗe wa gimbiya akwatinta ta zaɓi abin da take so. Tun daga ranar bai sake yanke wa talaka hukunci ba sai ya ji daga bakinsa, yana cewa, "Farkon adalci shi ne ka tambayi mai haƙƙi abin da yake so, ko da ɗan shekara bakwai ne, domin alherin da aka ɗora wa mutum ba da shawararsa ba, kwaɗo ne a ƙofarsa."