Bangon da Ya Yi Ta Zubar da Jini

Da sunan Allah na fara, sannan in ambaci Malaminmu, Shehi masani, mai tsoron Allah a ɓoye da bayyane, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya a kan ɗalibi ba, Allah Ya ƙara masa kusanci. Ni mai sayar da tukwane da kwanuka ce, karatuna bai yi nisa ba, amma abin da idona ya gani ba na bari wani ya faɗa a madadina.

Bayan rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa, na fita takaba na tarar gidan ya yi mini girma. 'Ya'ya duk aure da aiki sun kai su nesa. Nakan dafa abincin mutum ɗaya, in ci ina kallon ƙofar ɗakinsa da na kulle. To, a bangon ɗakin nan ne wani jan abu ya fara tsiyayowa daga sama har ƙasa, in ya bushe ya dawo.

Maƙwabciyata ta leƙo, ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya, jini ne! Gidan nan aljanu sun shige shi." Nan da nan matan da ke shigowa aron turmi da hira suka ɗauke ƙafa. Sai ga ƙanin mijina da fuskar tausayi, wai ya samo mai sayen gidan, zai shawo kan yaran, ni kuma in koma ɗakin bayan gidansa. Ni da ban taɓa sallama ko murfin kwano a tayin farko ba, wallahi na kusa sallama gida, don ba ni da wanda zan juya in tambaya.

Bayan karatun mata na tsaya a gaban Malam, Allah Ya yarda da shi. Ban buɗe baki ba ya ce, "Zauna, mai bango." Ni kuwa ban taɓa faɗa masa zancen bangon ba. Na roƙe shi rubutun sha da na yayyafawa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "In an kawo miki tukunya, yaya kike sanin tana da tsaga?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ƙwanƙwasawa nake yi, ko uwata ce ta kawo."

Ya ce, "Maganar nan kin ƙwanƙwasa ta? Je ki taɓa, ki shinshina, ki lura da lokacin da yake zuwa. Hankali ma amana ne." Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a.

Na koma, na dangwala yatsa na kai hanci. Warin ƙarfe. Na zauna gadin bango kwana da kwanaki, har na gane ba ya zuwa sai ranar da aka kawo ruwan famfo. Na aro tsani, na ɗaure zani tamau, na hau rufin ɗakin da tsufana. Ashe tankin ruwa ne yake cika ya tumbatsa, ya bi ta kan ƙarafan da suka yi tsatsa. A gefe ga makunnin ruwan, an naɗe shi da tsumman tsohuwar rigar maigidana. Shekara da shekaru shi yake hawa ya rufe, bai taɓa faɗa mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na zauna a saman nan na yi kukan da ban yi ranar jana'iza ba.

Da ƙanin mijina ya dawo da mai sayensa, daga bakin ƙofa na ce, "Albarka."

Abu guda ya rage. Kamar yadda Malam ya koya mini, na bi ɗalibai da maƙwabta ɗaya ɗaya ina tambayar wa ya kai masa labarin bangon. Ban samu ba har yau.

Har yanzu ni kaɗai nake cin abincina, amma ni nake hawa in rufe ruwan, da tsumman nan a hannuna. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajar wannan bawa naKa, Ka haskaka makwancin maigidana, Ka sa mu cikin albarkarsu. Amin.