Jemagen Silima da Waɗanda Ba Su Fito a Fim Ba

An ce bayan gobarar da ta cinye birane, 'yan tsirarun da suka tsira sun taru a wata tsohuwar silima mai rijiya a tsakar gida, suka naɗa wani Tanimu maigari. Taro ne na kowa da kowa: Hausawa, Barebari, Nufawa, makafi da guragu.

Wata rana aka tono wani tsohon fim a kango, aka tayar da shi da wutar sola. Labarin ƙarshen duniya ne, kuma duk waɗanda suka rayu a ciki majiya ƙarfi ne masu harshe ɗaya, irin na Tanimu. Ba tsoho, ba nakasasshe, ba baƙo. Rashin sani ya fi dare duhu! Tanimu bai taɓa ganin fim ba, sai ya ɗauka mutanen zamanin da ne suka hango ƙaddara. Ya sa aka kori duk wanda bai yi kama da na fim ba, har da Ya Kaltum, tsohuwar Babarbariyar da ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Suka fita da rana tsaka, ko gorar ruwa babu.

Akwai wani tsohon jemage a rufin silimar, wanda ya sha kallo tun ana sayar da tikiti. Ya leƙo da kai a ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a juye nake kallon duniya, amma yau ka fi ni. Ka ji labarin manomin da ya tsarkake rumbunsa?" Tanimu ya ce bai ji ba.

Jemage ya ce, "An yi wani manomi, Barau, ya ga zangarniyar gero ɗaya mai kyau a kasuwa, ya rantse daga yau ba zai shuka komai ba sai irinta. Ya kwaso maiwa da dawa da wake zai watsa wa kaji. Yayarsa Tabawa ta tare ƙofar rumbu ta ce, 'Kai Barau, kada ka yi irin ta sarkin bakin kogi.' Ya tambaye ta me ya yi.

"Tabawa ta ce, 'Sarkin nan yana da maroƙi mai wasa mutanen gari, amma bakinsa ba ya ambaton kowa sai masu manyan riguna. Sarki ya yi ta ji har ya zaci su kaɗai ne garin. Da aka hango ambaliya, ya sa aka sassaƙa jirage, ya ce wanda sunansa ba ya cikin waƙa kada ya taka. Sarkawa masunta kuwa ba su taɓa shiga waƙa ba, aka bar su a gaɓa. Ruwa ya zo, jirage suka tashi cike da sarakai, ba mai iya riƙe filafili ko ɗaya. Kogi ya kife su ɗaya bayan ɗaya. Maroƙi wanda ya ba shi yake gani, ba wanda ke akwai ba.'

"Barau ya ce zancen mata ne, ya ture ta. A shekarar ruwa ya makara. Geron nan ya ƙone ƙurmus, maƙwabta masu dawa da maiwa suka sami na kunu. Kafin kaka Barau ya binne 'ya'yansa biyu. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Jemage ya gyara rataya ya ce, "Ina nan aka kawo fim ɗin nan sabo. Mutum ne ya riƙe kyamara ya ɗauki waɗanda ransa ke so. Wanda ya manta da shi, ba Allah ne ya manta da shi ba."

Tsoro da kunya suka rufe Tanimu. Ya ce jemage ya yi gaskiya, ya ɗauki salkar ruwa da kansa ya bi sawu, jama'a na biye.

Suka tarar da korarrun a gindin wata busasshiyar aduwa, leɓuna sun tsattsage. Kowa ya sha ya farfaɗo, ban da Ya Kaltum, wadda aka riga aka lulluɓe da zanenta. Wani makaho ya ce har ta cika tana tambaya ko Tanimu ya ci abinci.

Tanimu ya durƙusa ya ce, "Ku koma gida. Ni zan goyo ta."