Manomin da Ya Nome Bakin Hanya

A wani ƙauye an yi wani mutum manomi, mai gonar masara a gefen hanyar da ke zuwa rafi. Gonar gado ce, mai faɗi, ita ce kuma ke ciyar da shi da matarsa da 'ya'yansu daga kaka zuwa kaka. Ba rago ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ba ya fashin sujada, yana cikin zumuntar maza, in ana waƙa muryarsa ce ke fara fita ta taga. Matsalarsa guda ce: ya gwammace ya kwana da yunwa da a ji cewa wani abu ya fi ƙarfinsa.

Wata shekara ƙanensa da ke aiki a birni ya aiko masa da babbar waya, irin wadda ake shafawa. Aka sa shi a zauren WhatsApp na ikilisiya, inda ake tura sanarwa da ayar safiya da hotunan biki. Bai daɗe ba ya iya ɗaukar hoto, ya ɗauki akuyarsa, ya ɗauki rumbunsa, ya ɗauki kansa ya fi a ƙirga.

Damina ta sauka da kyau, ya yi shuka, masara ta tsiro. Ana shirin noman farko sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya jima a kwance, ya kuma hana matarsa faɗa wa kowa. In an tambaya, ta ce yana hutawa. Ita kuwa ciyawa ba ta san mutum yana jinya ba. Ranar da ya sami ƙarfin kai kansa gona, ya tsaya a bakin hanya ya duba. Harƙiya da tofa sun rufe ko'ina, masarar ta yi rawaya, ta tsaya siririya kamar tsinken tsintsiya. Ya san aikin nan ya wuce na mutum ɗaya, balle wanda bai gama warkewa ba.

Duk da haka ya sunkuya ya fara daga kusurwar da ke bakin hanya, domin nan ya fi kusa. Ya nome fili bai fi faɗin tsakar gida ba, numfashi ya ƙare masa, ya zauna. Da ya dubi wurin da ya nome sai ya ga ya yi kyau ƙwarai. Ya zaro waya ya ɗauka. Hoton farko ciyawa ta fito a baya, ya goge. Ya durƙusa har haɓarsa ta kusa taɓa ƙasa, ya karkata wayar sama, ya sake ɗauka. Wannan karon babu komai sai masara da sararin sama. Ya tura a zauren ikilisiya, ya rubuta a ƙasa cewa aikin hannu ne da albarkar Ubangiji.

Kafin ya isa gida waya ta fara ƙara. Wannan ya kira shi sarkin noma, wancan ya ce a zo a koyi aiki, mata suka turo hannuwan addu'a, fasto da kansa ya rubuta amin. Daɗi ya kama mutumin nan har ya manta bai gama warkewa ba. Ya ci tuwo da hannun dama, yana shafa waya da na hagu, yana karanta wa matarsa yabon ɗaya bayan ɗaya.

Washegari ya fita da niyyar shiga cikin gona sosai. Amma da ya isa sai ya ga 'yar ciyawa ta leƙo a kusurwar jiya, ga shi kuma masu wucewa zuwa rafi yanzu suna rage tafiya su duba. Ya ce bari ya fara gyara nan tukuna. Haka ya ce jibi, haka ya ce gata. Takin zamanin da ya saya domin gona duka, kusurwar nan ce ta cinye mafi yawansa. Masarar wurin ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ta fi shi tsawo, ta zama katanga, har mai wucewa ba ya iya hango abin da ke bayanta. Ya ji daɗin wannan, don ya huta da durƙuso.

Mutane suka fara neman shawararsa. Shi kuwa bai yi rowa ba. Ya riƙa tura saƙon murya yana koyar da cewa sirrin noma shi ne kada manomi ya bar ciyawa ta kwana a gonarsa. Yana wannan wa'azi, a bayansa makwarwa ta riga ta yi sheƙa ta saka ƙwai a tsakiyar gonar, ba wanda ya dame ta.

Matarsa ce kaɗai ta san gaba ta san baya. Wata rana ta kawo masa abinci, ya miƙa mata wayar ta ɗauke shi yana riƙe da fartanya. Ta karɓa, ta dube shi, ta ce, “Baban Tabita, ka bari in juya wayar nan baya, in ɗauki abin da za mu ci.” Ya ce mata ba ta fahimci zamani ba. Ta ce gaskiya ne, ita tukunya ta fahimta, tukunya kuma ba ta dafa hoto. Ya ƙwace wayarsa ya ɗauki kansa da kansa.

To, ikilisiyar ƙauyen nan tana da wata al'ada mai kyau. Kowace damina, kafin lokacin noma ya wuce, sai a yi gayya: maza su fito da fartanyoyinsu, mata su dama kunu, a bi gonakin waɗanda aiki ya fi ƙarfinsu a nome musu kyauta. Sharaɗin ɗaya ne, mai bukata ya ɗaga hannu da kansa, domin ba a shiga gonar mutum ba da izininsa ba. Wanda ke kula da wannan wani dattijo ne, Baba Irimiya, tsoho mai sanda da gashin baki fari.

Ran Lahadi bayan wa'azi Baba Irimiya ya tashi ya ce duk wanda ciyawa ta ci ƙarfinsa ya ɗaga hannu. Wata gwauruwa ta ɗaga. Wani da ya faɗi a babur ya karye ya ɗaga. Daga sashen mata, matar manomin nan ta kafa wa mijinta ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Ya ji idon a wuyansa. Ya tuna rumbu, ya tuna yara, hannunsa ya fara tashi a hankali, har ya kai daidai kunne. Daidai lokacin Baba Irimiya ya nuna shi da sanda, ya ce tun da ɗan'uwanmu ya riga ya gama nasa aikin, kamar yadda kowa ya gani a waya, shi ne zai shugabanci gayyar bana. Majami'a ta ɗauki tafi. Mutumin ya sosa kunnensa, ya sauke hannun.

Haka ya kwashe kwanakin gayya yana noma gonakin mutane. Ya kuwa yi aiki, ba a magana, shi ne a gaba kullum. Wahalarsa ita ce safiya da yamma, domin hanyar kowace gona ta bakin tasa take bi. Da sun doso kusurwar sai ya tada waƙa mai sauri, ya ƙara tafiya, don kada wani ya ce zai shiga ya zaga.

Ranar ƙarshe suka gama gonar gwauruwa da wuri. Rana tana tsaka, maza ba su gaji ba, kunu bai ƙare ba. A hanyar komawa suka tsaya shan iska, ba kuma ko'ina suka tsaya ba sai a inuwar masararsa. Baba Irimiya ya dogara sanda, ya dubi jama'a, ya ce, “Ga rana, ga hannuwa. Akwai sauran gonar da muka manta?”

 Matar manomin tana tsaye da bokitin kunu a kai. Mace ce da ba ta tona asirin mijinta a bainar jama'a, amma ta matso kusa da shi ta ce a hankali, “Baban Tabita, Baba na tambaya.”

Mutumin ya dubi fartanyoyin da ke kafaɗun maza. Yawansu ya isa su share gonarsa kafin faɗuwar rana. Tsakaninsu da ciyawar bai wuce su ture ganye su leƙa ba. Ya buɗe baki, ya ga duk idanu na kansa, idanun mutanen da suka saurari saƙonninsa. Sai ya ce, “Babu saura, Baba. Sai godiya.”

Aka yi addu'ar rufewa. Wani ya kawo shawara a ɗauki hoton tunawa, kowa ya yarda babu wurin da ya fi dacewa kamar gaban masarar sarkin noma. Suka jeru, suka sa shi a tsakiya, ya yi murmushi da iyakar ƙoƙarinsa. Sa'an nan kowa ya saɓa fartanyarsa ya tafi gida. Duk lokacin da na zo nan a labarin sai dariya ta kama ni, tausayi kuma ya biyo baya.

Lokacin noma ya wuce, kaka ta zo. Wata safiya Baba Irimiya ya je gidansa neman irin wannan masara mai suna, domin a shuka a gonar ikilisiya baɗi. Aka ce yana gona. Tsoho ya bi shi, ya yi sallama a bakin hanya, ba a amsa ba, sai ya sa sanda ya ture karan masara ya shiga. Ya tarar da daji. A tsakiyar dajin ga mutumin zaune da kwando a gabansa, cikin kwandon 'yan masara ƙanana kamar yatsun hannu. Gani ya kori ji.

 Tsoho ya ce, “Ɗana, a nan muka tsaya da fartanyoyi. Na tambaya da bakina.”

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, “Na ji, Baba. Na rasa yadda zan faɗa ne bayan duk abin da na tura.”

Baba Irimiya ya zauna kusa da shi a kan ciyawar, ya ce su ma suna da nasu laifin, domin damina guda suna tafa masa daga bakin hanya, ba wanda ya tako ciki ya gaishe shi. Ikilisiya ba ta bar gidan da yunwa ba. Daga hatsin godiyar kaka aka ware musu abin da zai kai su. Sai dai mutumin da ya kasa ɗaga hannu a majami'a, shi ne ya ɗauko buhun taimako a kansa da rana tsaka, ya ratsa kasuwa da shi, domin ƙauyen ba shi da wata hanya.

Yanzu ga abin da misalin nan ke nufi, 'yan'uwa. Gonar ita ce rayuwarka gaba ɗayanta. Kusurwar bakin hanya ita ce ɗan abin da kake bari mutane su gani. Kada wani ya koma gida ya ce malamin makarantar Lahadi ya hana riƙe waya. Ba waya ta shuka ciyawar ba. Tun kafin ta zo mun iya wannan noma, da kayan Lahadi masu guga, da “lafiya lau” da muke amsawa kafin a gama tambaya. Waya ta dai sauƙaƙa aikin ne, ta kuma ƙara yawan masu tafi.

Ciyawar kuwa kowa ya san tasa. Wani gidansa ne, miji da mata sun daina magana amma suna ɗinka anko. Wani kwalba ce. Wata ɗanta ne ya lalace, tana cewa yana karatu a birni. Wani ya daɗe bai durƙusa ya yi addu'a ba, amma shi ke fara tura ayar safiya. Zazzaɓin da ya kwantar da manomin ba zunubi ba ne, kowa yana faɗuwa. Abin da ya cinye masa gona shi ne takin da ƙarfin da ya kashe wajen gina katanga.

Ku lura da wanda ya yaudara. Bai yaudari Allah ba, domin Allah daga sama yake ganin gona, ba daga bakin hanya ba. Bai yaudari ciyawa ba. Waɗanda ya yaudara su ne mutanen da Allah ya aiko masa da fartanyoyi. Ubangiji Yesu ya zo ne domin marasa lafiya, ya kuma ba mu juna domin mu ɗauki nauyin juna, amma ko likita ba ya ɗaure ciwon da aka rufe da riga. Ku kuma masu tafi, ku rage turo hannuwan addu'a a waya, ku taka da ƙafa ku shiga ciki ku gaida mutum.

Gayya tana da lokacinta. Akwai ranar da kalma ɗaya za ta ceci gona, akwai ranar da sai dai a kawo buhu. In kana zaune a nan yau, ciyawa ta kai maka wuya, kada ka jira kaka. Kafin ka bar harabar majami'ar nan, nemi ɗan'uwa ɗaya mai tsoron Allah da riƙon asiri, ka ja shi gefe, ka faɗa masa gaskiya cewa aikin ya fi ƙarfinka. Kunyar ba za ta kashe ka ba, kuma har yanzu da sauran rana.