Durgun Alƙali Mudi

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya ana ce masa Zailani, mai ilimi da hilimi, wanda ba ya raina ƙaramar mas'ala, domin a ganinsa hankalin mutum ya fi bayyana a abin da yake zaton ba a kallonsa. Yana da wani alƙali, Malam Mudi, wanda ya tsufa a kan shari'a har gwiwoyinsa suka gaza, ya nemi a sauwaƙe masa. Bai jima da komawa gida ba matarsa ta rasu, gidan ya yi tsit.

Ran nan sai ga shi a fada yana dogara sanda. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, shiru ya ishe ni. Ina sha'awar in yi kiwon kaji a bayan ɗakina, ga shi ban taɓa riƙe ko ɗan tsako ba. Kuma ina tsoro, don na sha raba maƙwabta a kan kaza. Ban taɓa tsayawa gaban shari'a ana ƙarata ba, kada tsuntsuwa ta kai ni da furfurata."

Sarki ya dubi wazirinsa Hambali, ya ce, "Ka ji. Ka zaɓo masa kazar da ta fi kowace a ƙasata." Sarkin Fada ya yi farat ya ce shi ma a ba shi izini, aka ba shi.

To, ka san abin mamaki? Waziri bai nufi kasuwa ba, gidan Alƙali ya fara zuwa. Ya dubi katanga, ya ga ba ta wuce ƙirjinsa ba. Ya leƙa, ya hangi shanyar gero ta maƙwabciya, wata dattijuwa Gwaggo Laraba, shimfiɗe a gindin katangar, ga zakaranta yana kai da kawowa. Ya lura da yadda tsohon yake shan wuya kafin ya miƙe daga tabarma. Sannan ya tafi kasuwa, ya sa aka buɗe masa kwanduna, ya tsuguna cikin kaji ya tafa hannu sau ɗaya. Duk suka watse, wasu har kan rumfa, ban da wasu durgu guda biyu, irin kajin nan masu gajerun ƙafafu, waɗanda suka ɗaga kai suka dube shi, suka ci gaba da tsattsagar bakin rigarsa. Su ya saya.

Da fada ta cika, Sarkin Fada ya gabatar da wani jan zakara mai tsayi kamar zalɓe, da kaza mai sheƙi, jama'a suka yi ta sambarka. Da Waziri ya buɗe nasa kwandon kuwa, sai dariya ta ɓarke.

Sarkin Fada ya ce, "Waziri, a hanya ƙafafun suka zube, ko mai kajin ne ya riƙe su jingina?"

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, a kwance su duka, su yi wa kansu shaida."

Aka kwance. Jan zakara ya buga fiffike ya haye soron fada yana cara, kazarsa ta bi ta kan rawanin Sarkin Fada ta tsallake katanga, dogarai suka bi ta da gudu. Durgu kuwa suka taka a hankali, suna ɗan ƙus-ƙus, har suka isa inda Alƙali yake zaune, ɗaya ta kwanta a kan gefen babbar rigarsa. Tsohon ya miƙa hannu ya shafa bayanta, ba ta motsa ba.

Sarki ya ce, "Na ga abin da ido ya gani, saura hujja. Me ya sa biyu, kuma ina zakara?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, umurninka shi ne in zaɓo masa, don haka na auna mai kiwon kafin in auna kazar. Gwiwarsa ba ta gudu, sai na nemi wadda ba a bi. Katangarsa gajera ce, bayanta akwai geron wata, sai na nemi wadda ba ta tsallake. Na kawo biyu domin kaza ɗaya kuka take yi tana neman 'yar'uwa, shi kuwa ya san ciwon kaɗaici. Zakara kuma, na bar shi da gangan. Ranar da suka kwanta kwanci, dole Malam ya ɗauki sandarsa ya je ya yi sallama da Gwaggo Laraba, ya ba ta ƙwansa ta ba shi nata mai zakara. Ka ga kazar da yake tsoron ta raba shi da maƙwabciya, ita za ta kai shi gaishe ta."

Alƙali Mudi ya share ido da hannun riga, ya ce, "Wallahi Waziri, rabona da Gwaggo Laraba tun ranar ta'aziyyar matata. Amma fa ka gaya mini, me suke ci?"

Waziri ya ce, "Allah ya gafarta Malam, dusa da tsaba, da ruwa a kasko. Sauran kuwa ka tambayi Gwaggo Laraba."

Sarki ya yi dariya, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce, "Kujerar da Malam ya bari har yanzu babu kowa a kanta. Wanda ya iya zaɓen kaza haka, shi zai zaɓo mana alƙali."

Masu hikima sun ce, adalci ba shi ne ka ba mutum mafi girman abu ba, sai dai ka ba shi abin da zai iya riƙewa, wanda kuma ba zai ci geron maƙwabcinsa ba.