Harajin da Farfesa Bai Hango Ba

Akwai wata mata mai suna Odessa Whitlock, wadda ta shekara goma sha tara tana dafa abinci a wata jami'a a jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Albashin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya zaunar da ita ƙa'ida ce guda: ɗan kowane ma'aikaci zai yi digirin farko kyauta, kuma gwamnati ba ta ɗora wa iyaye haraji a kan wannan rangwame. Saura wata huɗu 'yarta Corinne ta shiga jami'ar.

Sai shugaban kwamitin kuɗi, Farfesa Alden Brock, ya tara ma'aikata, ya ce daga zango mai zuwa rangwamen na 'ya'yan manyan malamai da shugabanni ne kaɗai.

Odessa ta miƙe tsaye.

"Yallaɓai, ban yarda ba."

Ya yi murmushin raini. "Iya, wannan magana ta fi ƙarfin tukunya. Zauna."

"Tukunyar ce ta yi maka wannan tumbin. 'Ya'yanka nawa ke karatu a nan?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ya haɗe rai, ya ce, "Uku. Ina ruwanki?"

"To, buɗe kunne. Doka ta yafe muku haraji a kan rangwamen nan ne da sharaɗin ba za a fifita masu manyan albashi a kan ƙanana ba. Ranar da kuka cire mu daga rangwamen, ranar kuɗin makarantar 'ya'yanka uku zai hau kan albashinka, hukumar haraji ta yanki rabonta. Ga lauyarku nan, ta ƙaryata ni."

Farfesa ya juya ga lauyar jami'a. Ita kuwa ta gyara tabarau, ta ce, "Gaskiya ta faɗa, ranka ya daɗe."

Malaman da suka zo goyon bayansa suka fara kallon juna, kowa yana tuna nasa 'ya'yan. Ba a tashi taron ba sai da aka janye shawarar, gurbin Corinne ya tabbata.

A bakin ƙofa Farfesa ya tare Odessa, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya koya miki wannan?"

"Rashi, yallaɓai. Wanda ba shi da kuɗin lauya, dole ya iya karatu."

Darasi: Kada ka sare reshe don na ƙasa da kai ya faɗo, alhali kai ma a kansa kake zaune. Kai kuma ƙaramin ma'aikaci, karanta ƙa'idar wurin aikinka da idonka, domin haƙƙin da ba ka sani ba, kamar ba ka da shi ne. Ku isar da wannan ga duk wanda aka taɓa cewa ya zauna ya yi shiru.